Zaɓen Injin Yankan Ciyawa na Hawa a Yola da Jimeta: Na Gida ko na Kwangila

Injin yankan ciyawa na hawa shi ne wanda mutum yake zama a kansa ya tuƙa, wuƙaƙe biyu ko uku suna juyawa a ƙarƙashinsa cikin wani kwanon ƙarfe da aka kifa. Masu ƙera shi sun kasa shi gida biyu. Akwai na gida, wanda aka yi wa mai farfajiya da zai tayar da shi sau ɗaya a mako ya mayar da shi rumfa. Akwai kuma na kwangila, wanda aka yi wa ma'aikacin da zai wuni a kansa, daga wannan fili zuwa wancan, kwana biyar ko shida a mako. Daga nesa kamanninsu ɗaya, wani lokaci ma tambarin kamfani ɗaya ne a jikinsu, amma farashin na kwangila a ƙasashen da ake ƙera su kan ninka na gida sau uku zuwa biyar. Mai saye yana buƙatar ya san inda wannan ƙarin kuɗi ya shiga, da kuma ko filinsa zai ci moriyarsa.

Asalin injin yankan ciyawa daga Ingila yake, inda Edwin Budding ya ƙirƙiro na turawa a 1830. Na hawa ya yaɗu a Amurka bayan yaƙin duniya na biyu. Kamfanin John Deere ya fito da ƙaramar taraktarsa ta farfajiya a 1963, kuma a cikin shekarun 1960 ɗin ne aka fara sayar da Hustler, injin da ke juyawa a wuri ɗaya. Yawancin injinan da ke shigowa Nijeriya an tsara su ne domin ciyawar ƙasashen sanyi, mai laushi, a kan ƙasar da aka baje. Yola ba haka take ba, don haka ba a ɗaukar duk abin da aka rubuta a takardar talla a ɗora shi a kan filin Adamawa kai tsaye.

Fili da yanayi

Ruwan sama a Yola yana farawa wajen Mayu ya ɗauke a Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. A waɗannan watanni ciyawa tana tashi da sauri, har filin da aka yanke ranar Asabar ya koma buƙatar yanka kafin wata Asabar. Daga Nuwamba kuma filin da ba a yi wa ban-ruwa yakan bushe ƙurmus, hunturu ya lulluɓe shi da ƙura, sannan bazara ta zo a Maris da Afrilu da zafin da ke haura digiri 40. Ke nan injin yana fuskantar abu biyu: jiƙaƙƙiyar ciyawa mai kauri da damina, da ƙura da zafi ga wanda yake da rijiyar burtsatse yana shayar da filinsa duk shekara.

Ƙasar ma ba iri ɗaya ba ce. Wuraren da suka gangara wajen Kogin Binuwai da Tafkin Geriyo suna da laka mai riƙe ruwa, wadda take tsagewa da rani ta zama caɓi da damina. A kan tudu kuwa ana samun rairayi da tsakuwa. Laka tana cutar da fili idan injin ya yi nauyi, rairayi yana cinye bakin wuƙa, tsakuwa tana karya shi.

Ciyawar da aka fi shukawa ita ce kiri-kiri, wadda masu sayar da tsirrai ke kira Bahama ko Bamuda, sai ciyawar kafet mai faffaɗan ganye. Kiri-kiri tana jure rana da fari da tattaki, shi ya sa ta dace da filin ƙwallo, amma ba ta son inuwa, a ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro sai ta yi tsilli-tsilli. Ciyawar kafet tana ɗan jure inuwa, sai dai ta fi son ruwa. Tare da su akwai waɗanda ba a gayyata ba: aya-aya, guɗe-guɗe, harkiya, ƙarangiya, da tofa a wasu wurare. Tsaida da ƙayar bagaruwa su ne ke kai taya wurin mai faci. Filin da aka bari ya cika da gamba da kyasuwa har ƙugu ba aikin injin hawa ba ne. Sai an fara shiga da langalanga ko injin rataye an kwantar da shi, an tsince duwatsu da guntayen bulo da waya, an fasa suri an baje, sannan a kawo injin hawa.

Lissafin faɗi da awa

Tambayar farko ita ce ko filin ya kai a saya masa injin hawa ma. Fuloti mai ƙafa 100 sau 100 bai cika murabba'in mita 930 ba, kuma gini da wurin ajiye mota sun cinye fiye da rabinsa. Irin wannan gida injin turawa ya ishe shi, zai ma fi fitar da aiki mai kyau, domin yana shiga lungu da gefen fulawa. Injin hawa yana fara amfani daga wajen murabba'in mita 2,000 na ciyawa zalla. Masu irin wannan fili a Yola da Jimeta su ne manyan gidajen unguwanni kamar Dougirei da Karewa, otal-otal, wuraren biki, gidajen gona, makarantun kwana, da manyan makarantu masu faffaɗar haraba irin Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola da Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei.

Lissafin ba shi da wuya. Ana auna faɗin kwano da inci. Injin gida mai inci 42 yana yanke santimita 107 a tafiya ɗaya. Idan yana tafiyar kilomita 6 a awa, aka cire kashi ɗaya cikin biyar saboda juyawa da maimaita gefen layi, zai gama kusan rabin hekta a awa guda. Na kwangila mai inci 60, wato santimita 152, yana tafiyar kilomita 10 a awa, zai gama hekta ɗaya da ɗoriya. Cikakken filin ƙwallo mai mita 105 sau 68 ya ɗan haura kashi bakwai cikin goma na hekta, don haka na gida zai gama shi cikin awa ɗaya da rabi, na kwangila cikin minti arba'in ko ƙasa da haka.

Sai a ninka da makonnin damina, kusan 25. Mai rabin hekta zai sa wa injinsa awa 25 zuwa 30 a shekara, ko ninki biyu idan yana ban-ruwa. Makaranta mai hekta biyar da ta sayi na gida za ta sa masa awa goma a mako, wato awa 250 a damina ɗaya. Garantin da John Deere yake bayarwa a kan ƙananan taraktocinsa na gida shekara biyu ne ko awa 120, duk wanda ya riga cika. Wannan adadi ya nuna irin aikin da kamfanin yake sa ran injin zai yi, wato kimanin awa 60 a shekara. Wanda aikinsa bai wuce haka da yawa ba, na gida zai yi masa shekaru. Wanda aikinsa ya ninka haka sau uku ko huɗu yana tsufar da injin ne cikin damina biyu, kuma abin da ya rage a wurin saye zai biya shi a wurin bakanike.

Kwano da wuƙa

Kyan fili daga kwano da wuƙa yake fitowa, kuma nan ne bambancin kashi biyun ya fi shafar abin da ido ke gani. Wuƙar injin tana da ɗan fiffike a bayanta. Idan tana juyawa, fiffiken yana jan iska sama, iskar ta miƙar da ciyawa tsaye, bakin wuƙa ya yanke ta daidai, sannan iskar ta fitar da yankakken ta ƙofar gefe. Duk abin da ya raunana wannan iska zai bar ciyawa a kwance, ta tashi bayan injin ya wuce, fili ya fito da tsiri-tsiri.

Kwanon injin gida galibi buga shi ake yi a inji daga falle ɗaya na ƙarfe mai kaurin milimita biyu da rabi ko kusa da haka. Ba shi da nauyi, kuma saboda gefensa a lanƙwashe yake iska tana zagawa da kyau. A kan busasshiyar ciyawar da ba ta yi tsawo ba, a fili mai laushi, yankansa ba ya kasawa, har ma ba kowa zai bambanta shi da na kwangila ba. Rauninsa yana bayyana idan ya daki kututture ko dutse: kwanon ya lotse, wuƙa ɗaya ta sauka ƙasa da ɗaya, daga ranar kuwa kowane layi sai ya fito da mataki. Kwanon na kwangila walda ake yi masa daga faranti masu kaurin milimita uku da rabi zuwa huɗu da rabi, a ƙara masa ƙarfe a baki. Ya fi zurfi, ƙofar fitarsa ta fi faɗi, kuma bakin wuƙarsa yana gudun kusan mita 90 a daƙiƙa. Amfanin wannan yana fitowa a Agusta, lokacin da ciyawa take da kauri da danshi: na gida sai an rage masa gudu ko an bi layi sau biyu, in ba haka ba ya riƙa zubar da dunƙule-dunƙulen ciyawa, na kwangila kuwa ya wuce ya watsa ta.

Sandunan da wuƙaƙe ke ɗaure a kansu su ma sun bambanta. Na gida gidansu siririn alminiyon ne, boris ɗinsu ƙanana. Na kwangila gidansu ya fi kauri, boris manya, da yawa suna da wurin ɗura giris. A filin da tsakuwa take, wannan sanda ce ke fara mutuwa, kuma alamar mutuwarta ita ce gurnani da karkarwa da zarar an kunna wuƙa.

Duk da haka, dakusasshiyar wuƙa a kan injin mafi tsada ba ta kai kaifaffa a kan mafi arha ba. Ana gane wannan idan aka tsugunna aka tsinko ganye ɗaya kwana biyu bayan yanka. Wanda wuƙa mai kaifi ta yanka, bakinsa a miƙe yake, kore har ƙarshe. Wanda dakusasshiya ta bi, bakinsa a tsattsage yake, zare-zare suna leƙe, ya yi fari ko ruwan ƙasa. Miliyoyin irin wannan ganye su ne ke sa fili ya yi toka-toka daga nesa, mai gida ya ɗauka ruwa ko taki ne ya gaza, ya ƙara kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba. Kamar aski ne da dakusasshiyar aska, gashi ya fita amma fata ta sha wuya.

Ana wasa wuƙa bayan kowace awa 20 zuwa 25 ta aiki, a filin rairayi kuma kafin haka. Kafin a sa hannu ƙarƙashin kwano ana cire makulli, a zare wayar filogi. Mai wasawa ya bi gangaren bakin da kamfani ya yi, gefe ɗaya kawai, kada ya bar ƙarfen ya yi zafi har ya sauya launi. Bayan wasawa a kafa ƙusa a bango, a rataye wuƙar ta ramin tsakiyarta a kwance. Idan gefe ɗaya ya rinjaya ƙasa, a ƙara ci daga wannan gefen har ta tsaya daidai, domin wuƙar da ta rinjaya ita ce ke kashe boris. A duba fiffiken kuma: rairayi yana cin gindinsa har ya yi siriri ya tsage, kuma guntun ƙarfen da ya ɓalle a wannan gudu yana iya kashe mutum. Wuƙar da ta kai haka, ko ta lanƙwashe, jefar da ita ake yi. Kai ta wurin mai walda ganganci ne.

Inji, ƙura da giya

Yawan doki da aka rubuta a jikin inji ba ya raba na gida da na kwangila. Ana samun na gida mai doki 22 da na kwangila mai doki 24. Kamfanonin Briggs & Stratton da Kawasaki duk suna ƙera inji kala-kala, daga na gida har na aiki mai nauyi. Abin dubawa shi ne matatar iska. Ta gida ƙarama ce, tana manne da inji, kusa da inda ƙura ke tashi. Ta kwangila doguwar gwangwani ce a sama, tana wulwula iska ta zubar da ƙura mai nauyi kafin ta kai ga takarda, sau da yawa da ƙaramar matata ta biyu a ciki. Ga mai yanka da hunturu a Jimeta wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙurar da ta wuce matata tana cin silinda da ringi, injin ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, ƙarshe ya buga. Mai injin gida yana iya rufe wannan giɓi da himma: ya duba matata kafin kowane aiki a lokacin ƙura, ya sauya ta da zarar ta toshe. Hura ta da iskar mai faci yana fasa takardar ta inda ido ba ya gani.

Kusan duk waɗannan injina iska ce ke sanyaya su. Fanka tana jan iska ta raga a saman inji ta hura a kan haƙarƙarin silinda. Busasshiyar ciyawa tana toshe ragar, ɓera da zanzaro suna gini a ƙarƙashin murfi lokacin ajiya. A zafin Afrilu injin da hanyar iskarsa ta toshe ba ya daɗewa.

Giya ce wurin da na gida ya fi saurin gajiya. Yawancin injinan yanzu ba su da kuloci, mai ne ake matsawa da famfo ya juya taya. Ƙananan taraktocin gida da yawa suna ɗauke da akwatin Tuff Torq K46, ƙananan masu juyawa a wuri ɗaya kuma Hydro-Gear EZT. An rufe su ne daga kamfani, ba a tanadi sauya musu mai cikin sauƙi ba. A fili mai shimfiɗa suna aiki lafiya, amma doguwar awa cikin zafi, hawan gangare, ko jan tirela da kaya suna ƙona man. Alamar ita ce injin ya tashi da ƙarfinsa da safe, bayan rabin awa ya fara jan ƙafa, ya kasa hawan ɗan tudu. Na kwangila yana da manyan akwatuna irin ZT-3400 ko famfo da mota daban-daban, da tankin mai da matatar da ake sauyawa.

Akwai matsakaici tsakanin biyun, wanda ya cancanci a duba shi: injin gida babba mai kwanon walda da giyar da ake iya sauya wa mai, kamar ZT-2800 ko ZT-3100. Ga otal ko wurin biki mai hekta ɗaya zuwa biyu, sau da yawa wannan ne ya fi dacewa da aljihu da aikin.

Sitiyari ko hannuwa biyu

Tarakta mai sitiyari kowa da ya iya mota zai tuƙa ta ranar farko. Tana buƙatar wuri kafin ta juya, tana barin da'irar ciyawa a gindin bishiya. Mai juyawa a wuri ɗaya hannuwa biyu gare shi, kowanne yana tafiyar da tayar baya ɗaya, kuma a filin da bishiyoyi da fulawa suka yi yawa yana rage lokaci sosai. Sai dai a hannun sabon direba yana ƙwaƙule ciyawa a kowace kwana, saboda taya ɗaya tana tsayawa tana murzawa. Maganinsa a juya sau uku: a ɗan karkata gaba, a dawo baya, a miƙe, tayoyin biyu suna motsi koyaushe.

Nauyi ma yana da nasa hukuncin. Taraktar gida tana kusa da kilo 200, babban na kwangila ya haura kilo 500. A kan jiƙaƙƙiyar laka, mai nauyin yana barin sawun taya da ba ya gogewa har ƙarshen damina, yana kuma danne ƙasa saiwa ta kasa numfashi. A irin wannan fili mara nauyin ya fi barin wuri da kyau. Masu ƙerawa suna hana hawan gangaren da ya wuce digiri 15, kuma mai juyawa a wuri ɗaya yana sulɓewa a jiƙaƙƙen gangare, don haka bakin kwalbati da gaɓar ruwa aikin injin rataye ne. Na kwangila yana zuwa da ƙarfen kariya a bayan kujera, wanda amfaninsa sai an ɗaga shi an ɗaura bel. Ba a ɗaukar yaro a kan injin ko da wuƙa a kashe take, ba a yanka yara suna fili, ba a kuma cire makunnin da ke kashe wuƙa idan direba ya tashi daga kujera.

Yadda ake yanka

Kafin yankan farko na damina ana daidaita kwano. A kai injin kan daɓen siminti mai laushi, a fara da iskar taya, domin taya ɗaya mai ƙarancin iska ta isa ta karkatar da kwano duka. Tayoyin nan ba sa son iska da yawa. A taraktocin gida da dama awo 14 ne a gaba, 10 a baya, kuma mai facin da ya saba da mota zai cika su fiye da kima idan ba a gaya masa ba. Sai a juya wuƙaƙen gefe su fuskanci hagu da dama, a auna daga bakinsu zuwa ƙasa, a daidaita har awon ya zo ɗaya. Sannan a juya su gaba da baya: gaba ya kamata ya fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6, don wuƙa ta yanki ciyawa sau ɗaya maimakon ta riƙa dukanta sau biyu.

Ƙa'idar tsawo ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganye a yanka ɗaya. Kiri-kiri da ciyawar kafet suna kyau a santimita 3 zuwa 5. Wanda yake son filinsa a santimita 4 zai yanka idan ta kai 6. Kiri-kiri korenta a sama yake, ƙasanta kara ne ruwan ƙasa, shi ya sa idan aka bar ta mako uku aka zo aka sauke kwano ƙasa, fili yakan fito jajawur kamar an ƙona. Idan ta riga ta yi tsawo, a ɗaga kwano a yanke sama, bayan kwana uku ko huɗu a sauke kaɗan. A filin da ba a baje sosai ba gara a tsaya a santimita 5, domin faffaɗan kwano yana aske kan kowane ɗan tudu. A nan inci 60 ya fi inci 42 ɓarna.

Lokacin yanka shi ne bayan raɓa ta bushe, ko da la'asar idan rana ta yi sanyi. Ana buɗe wutar inji gaba ɗaya, domin gudun wuƙa daga nan yake, sannan a rage gudun tafiya da ƙafa ko hannu. A fara zagaye gefen fili sau biyu, ƙofar fitar ciyawa tana kallon ciki don kada tsakuwa ta sami gilashin mota ko taga. Sai a ɗauki layi mafi tsawo, ido a kan wata alama can nesa, kowane layi ya hau kan na baya da kamar faɗin tafin hannu. Mako mai zuwa a sauya fuska, wanda ya bi gabas da yamma ya bi kudu da arewa, don taya kada ta haƙa hanya.

Layukan haske da duhu da ake gani a filayen ƙwallon Ingila ba bambancin tsawo ba ne. Abin birgima ne a bayan inji yake kwantar da ciyawa, wadda ta kwanta tana kallon mutum ta yi duhu, wadda ta ba shi baya ta yi haske. Ciyawar ƙasashen sanyi tana da dogon ganye mai laushi da ke kwanciya. Kiri-kiri gajera ce mai tauri, layinta ba ya fitowa sosai kuma ba ya daɗewa, ko da wane inji aka bi ta. Ana iya ɗaura abin birgima ko labulen roba a bayan kwano a sami ɗan layi, amma sayen na kwangila saboda wannan kaɗai asarar kuɗi ce. Abin da ya fi fito da fili a ido shi ne gefe: a bi bakin daɓe, gindin katanga da zagayen bishiya da injin rataye ko almakashi, a share ciyawar da ta zuba a hanya.

Yankakkiyar ciyawa idan gajera ce a bar ta, tana ruɓewa ta zama taki. Idan ta taru dunƙule-dunƙule a kwashe, in ba haka ba ta ƙona abin da ke ƙarƙashinta. A gari mai dawaki da shanu kamar Yola akwai mai cewa a ba shi ya kai wa dabba. Ciyawar inji tana yin zafi ta fara tsami cikin 'yan awoyi idan aka tara ta, kuma tana jawo wa doki ciwon ciki mai tsanani, don haka ba a ba doki ita. Wadda aka yi wa feshin maganin ciyawa kuwa ba a ba kowace dabba.

Saye da kulawa

Injin da babu kayan gyaransa kusa, ajiyayye ne ko da sabo ne. Filogi, batir da baƙin mai ana samunsu a Jimeta, kuma bakaniken janareta yana iya wanke kabureta. Wuƙa, bel ɗin kwano da sandar wuƙa kuwa kowane samfuri da nasa, galibi sai an aika Abuja ko Legas. Mai hankali yana sayen wuƙaƙe saiti biyu, bel ɗaya, sanda ɗaya da matatun iska tun ranar da ya sayi inji, ya kuma rubuta lambar samfurin a wuri mai kyau. Bel da ya tsinke a Agusta yana iya sa fili ya yi mako uku ba yanka.

Da yawa daga injinan da ke kasuwa tokumbo ne. Na kwangila tokumbo mai lafiya yakan fi sabon na gida ƙarko, amma wanda ɗan kwangila ya sayar ya riga ya sha aiki. A duba agogon awa, a tayar da inji yana sanyi a ga ko zai yi shuɗin hayaƙi, a tuƙa shi rabin awa har giya ta yi zafi sannan a gwada shi a gangare, a kama kowace wuƙa a girgiza a ji ko sanda tana wasa, a leƙa ƙarƙashin kwano don tsatsa da tsohuwar walda.

Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023, kuɗin mai ya zama babban kaso a lissafi. Na kwangila ya fi sha a awa, amma da yake yana gama hekta da wuri, tazarar tana raguwa idan aka auna da faɗin fili. Man galan na bakin titi yakan zo da ruwa ko datti, kuma kaburetar waɗannan injina ba ta jure shi. Masu aiki da batir sun fara yawa a kasuwannin duniya, ba su da ƙara kuma ba sa son baƙin mai, sai dai suna buƙatar tsayayyiyar wuta ko sola mai ƙarfi, zafi kuma yana rage rayuwar batir. Wanda filinsa babba ne amma ba shi da ma'aikaci mai kula, ɗaukar ɗan kwangila mai injinsa a kan kuɗin wata yakan fi masa sauƙi da mallaka.

Baƙin mai ana duba shi kafin kowane aiki, a sauya bayan awoyin farko na sabon inji, daga nan kowace awa 50 ko yadda littafin injin ya faɗa, da irin kaurin da littafin ya ware wa ƙasa mai zafi. Ba a zuba fetur inji yana da zafi. Bayan kowane yanka da damina a kankare ƙarƙashin kwano, domin laka da ɗanyar ciyawa suna daskarewa a can su kashe iskar yanka, su kuma ci ƙarfen da tsatsa. Idan damina ta wuce kuma ba za a yi ban-ruwa ba, a zubar da man tanki, a bar inji ya shanye wanda ke kabureta har ya mutu da kansa, a sauya baƙin mai, a ɗura giris, a cire batir a riƙa yi masa caji wata-wata. A ajiye injin a rumfa mai daɓe, a lulluɓe shi daga ƙurar hunturu, kuma kafin tashin farko a Mayu a buɗe murfin fanka a fitar da abin da ɓera ya tara.